Tsintacciyar kwikwiya a Sintali: Yaushe ya dace a cire mata mahaifa?

A wata safiya ta watan Agusta, bayan an kwana ana tsuga ruwa a Jalingo, yara biyu daga gidan baffana da ke unguwar Sintali suka tsamo wata 'yar kwikwiya daga bakin kwalbati. Jikinta duk kaska, cikinta a kumbure, ƙafafunta kamar sillen kara. Ba wanda ya san uwarta, ba kuma wanda ya zo cigiya. Suka naɗe ta a tsohon buhu suka kai ta bayan gida, inda Baffa yake ɗaure awakinsa, suka yi ta ɓoyon ta har kwana uku kafin kukanta ya tona musu asiri.

Baffa bai kore ta ba. Sau biyu a wannan shekarar aka hauro masa katanga aka kwance akuya, saboda haka ya ce a bar ta ta girma ta yi gadi, da sharaɗin ba za ta shiga ɗaki ba, ba za ta kusanci tabarmar salla ba, kuma kwanonta daban. Yaran suka raɗa mata suna Tsintuwa. Masu iya magana sun ce tsintacciyar mage ba ta mage, amma ita wannan ta zauna, ta murmure, ta fara yi wa kaji haushi.

Sai da ta kai kimanin wata huɗu sannan Inna, matar Baffa, ta tayar da maganar da kowa ya kau da kai daga gare ta. Ta ce wannan abu fa mace ce. Nan da 'yan watanni karnukan unguwa za su yi dandazo a ƙofar gida, bayan haka kuma a wayi gari da kwiyakwiyi shida ko bakwai, a gidan da ake lissafin mudun masara. Wa zai ciyar da su, wa zai karɓe su?

Daga nan gidan ya rabu uku. Inna na son a yi mata abin da zai hana ta haihuwa, ko da gobe ne. Babban ɗan Baffa, wanda ke karatu a Jami'ar Jihar Taraba, ya ce ya karanta a intanet cewa likitocin Turai da Amurka sun daina gaggawa, yanzu sai kare ya shekara ko fiye. Wani maƙwabci kuma ya ba da shawarar a sayo allurar tsarin iyali a kemis a riƙa yi mata, ba yanka ba ɗinki. Aka bugo mini waya ina Abuja, kamar dai aikin jarida yana mai da mutum likitan dabbobi. Abin da ke tafe shi ne abin da na tattaro, da kuma yadda aka ƙare.

Abin da ake cirewa, da abin da ake gudu

Bahaushe ya san fiɗiya tun kaka da kakanni, amma a kan namiji ya san ta: bunsuru ya zama taure, bijimi ya zama san noma. Ta mace ba haka take ba. Tiyata ce sosai, ana sa dabbar barci, a buɗe ciki, a ɗaure jijiyoyin jini, a cire ma'ajiyar ƙwai guda biyu, galibi tare da mahaifar. Bayan haka karya ba ta ƙara neman barbara, ba ta ƙara ɗaukar ciki, kuma ba a mayar da abin da aka cire. Shi ya sa zaɓen lokaci yake da nauyi.

Karya kan fara neman barbara tsakanin wata shida zuwa shekara ɗaya da haihuwa. Masu ƙaramin jiki sukan riga, manyan jinsuna kuwa wasu sai sun kusa shekara biyu. Yanayin yakan ɗauki mako biyu zuwa uku, yakan kuma dawo kusan sau biyu a shekara. Ciki kwana 63 ne, ko kusa da haka. Wato kwikwiyar da aka tsinta a Agusta tana iya zama uwa kafin damina ta zagayo, ita kanta ba ta gama girma ba.

Hujjar yin tiyata da wuri ta samo asali ne daga wani bincike da aka wallafa a Amurka a 1969, wanda Schneider da Dorn da Taylor suka yi. Sun gano cewa karyar da aka yi wa tiyata kafin ta fara neman barbara, haɗarin kamuwarta da sankarar mama kashi 0.5 ne kacal cikin 100 na haɗarin wadda ba a yi wa ba. Idan an bari ta yi sau ɗaya, ya hau kashi 8. Bayan na biyu, kashi 26. Shekaru arba'in ana koyar da waɗannan alƙaluma a makarantun likitan dabbobi kamar karatun allo. A 2012 wasu masana a Kwalejin Likitancin Dabbobi ta Sarauta da ke Landan suka sake bin diddigin binciken da ire-irensa, suka ce hujjar ba ta kai ƙarfin da ake ba ta ba. Ba su ce ƙarya ba ce, sun dai ce a rage tinƙaho da ita.

Akwai wata cutar da ba a jayayya a kanta, wato cikar mahaifa da mugunya. Tana kama karyar da ta manyanta, yawanci makonni kaɗan bayan ta gama neman barbara. Sai a ga ta daina cin abinci, tana yawan shan ruwa, ciki na kumbura, wani lokaci ruwa mai wari na fita, wani lokaci kuma ba abin da ke fita, wanda shi ne mafi muni. Wani bincike a ƙasar Suwidin, inda a lokacin ba a cika yi wa karnuka wannan tiyata ba, ya nuna a 2001 cewa kusan ɗaya cikin kowace karya huɗu tana kamuwa kafin ta shekara goma. Maganinta tiyatar gaggawa ce, a kan dabbar da jini ya riga ya gurɓata. A garin da ba kowane dare ake samun likitan da zai buɗe cikin kare ba, wannan kusan hukuncin kisa ne.

Abin da ɗalibin ya karanta

Ɗan Baffa bai yi ƙarya ba. Tun daga 2013 wata tawaga a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, wadda Benjamin Hart da Lynette Hart ke cikinta, ta fara fitar da sakamakon da ya girgiza tsohuwar koyarwa. Sun duba bayanan asibitin jami'ar na shekaru masu yawa, suka ga cewa a wasu manyan jinsuna, karnukan da aka yi wa tiyata tun suna ƙanana sun fi samun matsalar gaɓoɓi, kamar gocewar ƙugu da tsinkewar jijiyar gwiwa. Ana kyautata zaton dalilin shi ne, sinadaran da ma'ajiyar ƙwai ke fitarwa su ne ke sanar da ƙashi cewa tsawo ya isa. Idan aka cire su da wuri, ƙashin ƙafa kan ɗan zarce, zaman gaɓa ya sauya.

Sai dai ɗalibin ya tsaya a kanun labari, halin da mu ma 'yan jarida ba mu tsira daga gare shi ba. A 2020 tawagar ta fitar da sakamako kan jinsuna 35, da wani daban kan karnuka masu gaurayen jini, waɗanda aka kasa gida biyar bisa nauyi. A cikin gaurayen, matsalar gaɓoɓi ta bayyana ne ga waɗanda nauyinsu ya kai kilo 20 zuwa sama idan an yi musu tiyata kafin su shekara. Waɗanda ba su kai kilo 20 ba, ba a ga ƙarin haɗarin a tare da su ba. Ƙa'idar da Ƙungiyar Asibitocin Dabbobi ta Amurka ta fitar a 2019 ma a kan wannan iyaka ta tsaya: karyar da ba za ta kai kimanin kilo 20 ba, a yi mata a wata biyar zuwa shida, kafin barbarar farko, babba kuwa a duba jinsinta da yanayin zamanta, ana iya jinkirtawa har zuwa wata 15.

Saboda haka shawarar jinkiri tana da masu ita a Jalingo. Wanda ya sayi Alsatian ko Rottweiler ko Boerboel ya ajiye a gida mai doguwar katanga da ƙofar ƙarfe, yana da dalilin jira, yana kuma da halin jira. Tsintuwa kuwa karyar gida ce, siririya, mai tsayayyun kunnuwa da lanƙwasasshiyar jela, irin wadda ake gani a bayan mafarauta. Likitan da ya duba ta ya ƙiyasta ba za ta wuce kilo 15 ba ko ta gama girma.

Ga kuma abin da babu shi a lissafin Kalifoniya, wato ƙofar gidan Baffa. Zaure ne da ake buɗewa tun asuba, yara na shiga da fita, almajirai na sallama, mai ruwa na turo kura. Katangar baya ta ƙasa ce, kuma ɓarawon akuya ya riga ya nuna cewa ana haura ta. Duk wanda ya ce zai tsare karya mai neman barbara mako uku a irin wannan gida, bai taɓa ganin yadda karnuka ke haƙa rami a ƙarƙashin ƙofa ba. Akwai ma kuskuren da masu kare da yawa ke yi: suna tsare ta a kwanakin da take zubar da jini, da ya tsaya sai su sake ta, alhali daidai lokacin da jinin ya fara dusashewa ne take karɓar namiji.

Barbarar titi kuma ba ciki kaɗai take kawowa ba. Akwai wata sankara da karnuka ke ɗauka ta hanyar barbara, wani tsiro mai zubar da jini a al'aura. Ƙwayoyin sankarar ne da kansu ke tashi daga wannan kare zuwa wancan, kuma masana sun nuna cewa daga jikin kare ɗaya ta faro, dubban shekaru da suka wuce. Ta fi yawa a inda karnuka ke yawo sakaka. Tana warkewa da allurar mako-mako, amma allurar ba ta arha ba ce.

Cizo, da abin da ya fi cizo

Wanda ba ya kiwon kare zai iya cewa wannan duk matsalar masu kare ce. Ba haka ba ne, saboda kwikwiyon da aka rasa mai karɓa ba ya ɓacewa. Kwalbati ake kai shi, kamar yadda aka kai Tsintuwa, kuma wanda ya rayu a cikinsu shi ne karen bola da ba a taɓa yi wa rigakafi ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe kimanin mutum 59,000 a kowace shekara, kusan duka a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kusan duk wanda ya kamu, daga kare ya ɗauka. Da zarar alamun cutar sun bayyana, da wuya a tsira. Abin da ke ceton rai shi ne a wanke wurin cizon da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon minti 15, a kuma garzaya asibiti a fara allura a ranar, ba a tsaya neman gashin karen ba.

Tiyatar hana haihuwa ba ta hana wannan cuta, allurar rigakafi ce ke hanawa, kuma Najeriya na da cibiyar da ke yin ta, wato Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato. Masana sun ce idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri rigakafi, cutar kan daina yaɗuwa. Matsalar ita ce, inda ake ta haihuwar sababbin kwiyakwiyi ana kuma ta mutuwa, wannan kashi 70 ba ya daɗewa, kamar mai ɗiban ruwa da kwando. A birnin Jaipur na Indiya an haɗa biyun, tiyata da rigakafi, tun daga 1994, kuma rahoton da aka wallafa a 2006 ya nuna yawan karnukan titi ya ragu da kashi 28 cikin 100, mutuwar mutane da cutar ta tsaya cak a yankin da shirin ya shafa.

Shawarar maƙwabci ita ce mafi sauƙin yankewa. Allurar tsarin iyali ta mata tana iya danne barbarar karya, gaskiya ne, amma sinadarin da ke cikinta yana daga cikin abubuwan da aka sani suna jawo cikar mahaifa da mugunya, da ƙullutun mama, har da ciwon sukari. Mutum zai biya kuɗi ya sayo cutar da yake gudu.

Baffa bai yarda da komai ba sai da ya tambayi malaminsa. Ba a kan kiwon karen ba, wannan ya riga ya san shari'a ta yi izini da na farauta da na tsaron dabbobi da gona. Masu sharhi ma sun ruwaito cewa Ibn Abi Zaid Alƙairawani, mai littafin Risala da ake karantawa a zaurukanmu, ya ajiye kare a gidansa sa'ad da katangarsa ta faɗi. Damuwar Baffa ita ce ko yanke wa dabba haihuwa bai zama zalunci ba. Malamin ya tuna masa cewa Risala ɗin ta halatta fiɗiyar tumaki da awaki saboda amfanin da ke ciki, ta kuma hana ta dawaki, wato abin dubawa shi ne maslaha da cutarwa. Ya ce malamai sun saɓa a kan karnuka da kyanwoyi, amma shi a ganinsa, aikin da za a yi dabba na barci ba ta jin zafi ya fi sauƙi a kan zubar da 'ya'yanta a kwata duk shekara.

Kalandar da ke cikin baki

Saura tambaya ɗaya: wata biyar zuwa shida daga yaushe? A Amurka gidajen ajiye karnukan da aka tsinta sukan yi musu tiyata kafin su miƙa su ga mai riƙo, wani lokaci tun suna mako takwas, jihohi da yawa ma doka ce ta wajabta. Tsintuwa ba ta zo da takarda ba. Ranar haihuwarta a haƙoranta take.

Kwikwiyo na da haƙoran nono 28, waɗanda kan gama fitowa wajen mako shida zuwa takwas. A wata uku zuwa huɗu na gaba sukan fara zubewa. Fiƙoƙi na dindindin kan fito a wata biyar zuwa shida, kuma kafin wata bakwai baki ya cika da haƙora 42. Da aka tsince ta haƙoran nononta sun kusa cika, saboda haka likita ya sa haihuwarta a farkon Yuli. Ya ce da zarar sababbin fiƙoƙi sun huda, lokaci ya yi.

Gaggawar Inna ma ba ta samu karɓuwa ba. Likitan ya ce ba zai taɓa ta ba sai an bi abubuwa a jere: maganin tsutsar ciki, maganin kaska, allurar rigakafin gudawar jini da sauran cututtukan ƙuruciya, sannan ta haukan kare a wata uku. Kwikwiyar da yunwa da tsutsa suka shanye wa jini ba ta jure maganin barci. Ban da haka, wani bincike na Jami'ar Cornell a 2004 ya nuna cewa matan da aka yi wa tiyata kafin wata uku sun fi samun yoyon fitsari daga baya.

A nan ne ya kamata mai kare ya buɗe ido. Taraba jihar shanu ce, kuma mutane da yawa da ake kira dakta a unguwa sun ƙware ne a allurar shanu da awaki. Buɗe cikin karya aikin likitan dabbobi ne mai rajista da Majalisar Likitocin Dabbobi ta Najeriya. Ba rashin kunya ba ne a tambaye shi sau nawa ya yi wannan aiki, da me zai sa ta barci, yaya yake tsabtace kayan aikinsa, wane maganin rage zafi zai ba ta, kuma wa za a kira idan ɗinki ya ɓalle da dare. Da Baffa ya ji kuɗin, sai ya ce ai wannan kuɗin 'yar akuya ne. Inna ta ce, “Malam, akuya nawa aka kwance maka kafin ta zo?”

Aka sa rana a ƙarshen Disamba. Lokacin ya yi daidai ta wata fuskar, domin sanyin hunturu ya rage ƙudaje, kuma ciwon da ƙuda bai samu ba ya fi saurin kamewa. Amma da aka kai ta, likitan ya ɗaga leɓenta ya ga dasashin ya yi fari, jikinta kuma da zafi. Zazzaɓin kaska ne, wanda ke rage jini, wani nau'insa ma yana hana jini daskarewa. Ya ce a koma gida da magani, a dawo bayan mako uku.

Waɗannan makonni uku su ne mafi tsawo a gidan. Tsintuwa ta shiga wata na shida, barbara na iya zuwa kowace rana. Idan ta zo, shiri ya rushe, domin likitoci ba sa son yin tiyatar a lokacin, jijiyoyin mahaifa sun cika da jini. Ba sa kuma son yi da zarar ta gama, saboda tana iya yin cikin ƙarya har ta kawo nono. Sai an jira wata biyu zuwa uku, wanda zai kai su tsakiyar zafin Maris da Afrilu. Ɗan Baffa, wanda da farko shi ne mai cewa a jira shekara, shi ya gyara tsohon akurkin kaji ya sa masa sakata, shi ne kuma yake duba ta kowace safiya ko akwai kumburi ko ɗigon jini.

Ba ta zo ba. A tsakiyar Janairu aka hana ta abinci tun dare, aka kai ta da safe a Keke Napep, aka dawo da ita da la'asar tana layi. Aka yanke gindin wani tsohon bokitin roba aka zura mata a wuya don kada ta lashi ɗinkin, abin da ya sa yaran unguwa suka yi ta leƙowa suna dariya. Bayan kwana goma sha biyu aka cire zaren. Likitan ya gargaɗi Inna da ta rage mata tuwo, domin karyar da aka yi wa wannan aiki tana saurin ƙiba, ya kuma rubuta watan Oktoba a katinta, lokacin da za a sabunta mata allurar haukan kare.

Da na je hutu a watan Maris, ina zaune da Baffa a zaure sai ga yaran nan biyu sun shigo da kwali, suna tafiya a hankali kamar masu ɗauke da ƙwai. Karyar wani gida a bayan layi ta haifi bakwai a ƙarƙashin wata matacciyar mota, an ce za a zubar da su. Ƙaramin ya ce, “Baba, guda ɗaya kawai.” Baffa ya ajiye carbinsa, ya sa a ɗago masa kwikwiyon, ya duba ƙarƙashinsa. Mace ce.